Buhu Yana Cikin Jakarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Barira,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya cikin mota, kafaɗar ba ta matsa miki ba, direban kuma mai hankali ne. Allah ya tsare ki a hawan dutsen nan na wajen Bafilo, ya tsare ki a duk shingen da za a tsayar da ku, ya sauke ki Dapaong lafiya a hannun Gwaggonki Ladi.

Na ce wa mahaifiyarki ta sa takardar a ƙasan jaka, ta kuma gaya miki kada ki buɗe sai kun bar Sokode. Na san halinki, wataƙila tun a tasha kin buɗe. Rubutu na yi domin kwana biyar ke nan ba ki gaishe ni ba, ni kuma in na buɗe baki faɗa ne ke fitowa. Kada ki zaci na huce. Ban huce ba. Ina fushi da ke, ina fushi da waɗanda suka fasa miki kafaɗa, ina fushi da waɗanda suka tura ku, kuma wanda na fi fushi da shi za ki gane shi kafin ki kai ƙarshen takardar.

Ranar Laraba kin ce wa mahaifiyarki za ki karɓo littafi gidan ƙawarki. Ƙarya kika yi mata. Zanga-zanga kika shiga, kika dawo da azahar idanunki jajur da hayaƙin nan mai sa hawaye, gyalenki ya jiƙe da jini. Ina cikin shago ina kwance wayar wani na ga shigowarki. Na tambaye ki wa ya aike ki. A gaban Fuseni mai zemijan, babur ɗin haya, da sauran masu zama a bencin ƙofar shago kika dube ni kika ce, "Baba, ba kowa zai iya zama kamar Buhunka ba. Kai dai ka ƙudundune ka jira, wasu su mutu."

Ni kika gaya wa haka. A unguwarmu Didaure, a ƙofar shagona, a gaban mutanen da ke kira na Malam Tanimu.

Kin san abin da na yi. Na'urar wasanki tana kan teburin aiki tana caji, na ɗauka na buga ta da ƙasa, na sa ƙafa na take. Wannan shi ne kuskuren da zan fara da shi domin shi ne na kusa. Shekara ashirin da wani abu ina gyaran rediyo da waya, kullum ina zagin masu jefa abu da bango su kawo mini gyara, ga shi na yi da ƙafata. Kwana biyu na yi a kanta da abin dalma, ba ta tashi ba, kuma ba za ta tashi ba. Abin da ya tsira shi ne ɗan katin wasan, inda dodanninki suke. Na gwada shi a tawa, duka suna nan. Abin da zan ce miki a kan wannan gajere ne: in ranki ya ɓaci, ki ajiye duk abin da ke hannunki, ki bar ɗakin. Zuciyar nan tawa kika gado, na gani ranar Laraba. Baki ne naki makamin, ni hannu, amma ɓarnar ɗaya ce.

Na'urata tana cikin jakarki, a naɗe cikin zanen mahaifiyarki, da katinki a ciki. Na ari ta Fuseni na haɗa su, na tura dodona Buhu cikin katinki. Yanzu naki ne. Kuma tunda kin mai da sunansa zagi, sai kin zauna kin ji yadda ake riƙe shi, ko kina so ko ba kya so.

Kina 'yar shekara goma sha huɗu na tsinci na'urorin nan biyu a kwalin matattun wayoyi da aka kawo mini daga Lome. Na gyara su don in sayar, sai kika kunna ɗaya, kika gano wasan: a kama dodanni, a raine su, kowa ya zaɓi shida a fafata, kai ka yi motsi ɗaya abokin karawa ya yi ɗaya. Kika hana ni sayarwa. Ke kika zaɓi masu gudu da masu wuta, waɗanda ke gama faɗa da duka biyu. Ni da ido ya fara gajiya kuma ba na son gaggawa, na zaɓi wannan mai launin toka, ba wuya ba ƙugu, wanda kika ce ya yi kama da buhun gishirin da ruwa ya taɓa. Ba ya gudu, ba ya da ƙarfin duka. Abin da ya iya shi ne ya sha duka bai faɗi ba, ya sa wa abokin gaba dafi, ya kare kansa, ya yi jinyar kansa, dafin yana ƙaruwa har wancan ya zube. Da shi na cinye duk samarin da ke zuwa shagon ranar Lahadi da yamma, mako bayan mako, suna cewa wannan ba wasa ba ne, ɓata lokaci ne. Masu faɗin haka ba su taɓa zama sun lissafa komai ba. Danna duka kowa ya iya.

Amma na yi kuskure da shi, kuma ke kika fara gani. Motsi huɗu kowane dodo ke riƙewa. Na ba Buhu dafi, na ba shi garkuwa, na ba shi jinya, gurbi na huɗu na sa ƙaya, wadda ake watsawa a fili ta soki duk wanda ya shigo. Babu duka ko ɗaya. Kika ce mini, "Baba, ka sa masa ko da duka ɗaya ne. Wata rana za a rufe masa baki." Na ce ki yi shiru, ba a kayar da ni ko sau ɗaya ba. Fuseni ya zauna Lahadi uku bai taɓa na'ura ba, kallo kawai yake yi. A ta huɗu ya zo da wani ɗan siririn dodo mai tsokana, motsin nan da ke hana ka komai sai duka har zagaye uku. Buhu bai da duka. Ya tsaya yana fizge-fizge yana ji wa kansa rauni. Maimakon in janye shi, taurin kai ya sa na bar shi a fili, ina cewa tsokanar za ta wuce. Ta wuce, Fuseni ya sake yi. Haka Buhu ya faɗi, sauran biyar ɗin kuma dama ban raine su da kyau ba, don na dogara gare shi. Fuseni ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ai ƙofar a buɗe ka bar ta." Na yi mako ban amsa gaisuwarsa ba, ke ma na yi ta harararki kamar ke kika kayar da ni.

Na cire ƙayar. Na sa masa dukan nan da ke rage jini daidai gwargwado komai ƙarfin abokin gaba. Kada ki canza shi. Dodon da ke jan lokaci dole ya kasance yana da abu ɗaya da zai iya yi ranar da aka hana shi jira.

Kada ki buɗe wasa da shi. Ni haka nake yi, shi ya sa kowa ya san abin da zai tarar. Ki fara da masu gudun nan naki, ki duba shidan abokin karawa, ki gano mai tsokana ki kawar da shi tukuna. In ya tafi, sannan ki shigo da Buhu a kan wanda dukansa ba ya ratsa shi. Dafi za ki fara sawa, kafin komai. Duk zagayen da ya wuce babu dafi a jikin wancan, ke ce kike asara, domin shi yana neman sa'ar duka mai tsanani ne, ke kuma ba abin da kike ƙara masa.

Garkuwa ba a yin ta sau biyu a jere. Na sani, kin sani, amma kwaɗayin zagaye ɗaya na dafi ya sha sa ni danna ta karo na biyu, kuma mafi yawan lokaci ba ta kamawa. Garkuwa, sai jinya ko duka, sai garkuwa. Kuma ki kula da wanda ke murna da garkuwarki. In kika kare kanki, shi kuma bai kai duka ba, ya tsaya yana wasa makaminsa yana ƙara ƙarfi, to ke kika ba shi zagayen kyauta. Sau ɗaya ya isa gargaɗi. Na taɓa barin wani ya ƙara ƙarfi har sau uku ina zaune bayan garkuwa ina jin daɗi, da ya tashi duka ɗaya ya yi wa Buhu, ya bi sauran ya share. In kin ga haka, janye shi nan take, ki kawo mai gudu.

Jinya tana da iyaka, kuma ita ke fara ƙarewa. Ki riƙa lissafin nawa ta rage miki, ki lissafa nawa manyan dukan abokin karawa suka rage. Kada ki yi jinya don an ɗan taɓa shi, kada kuma ki jira sai jini ya kusa ƙarewa. In ya sauka kusa da rabi, lokacin ke nan. Dodannin ƙarfe da masu dafi a jikinsu kuwa, dafinki ba ya kama su. Kada ki tsaya gardama da su. Ba aikin Buhu ba ne, ba kuma abin kunya ba ne a janye shi a dawo da shi daga baya.

Gwaggonki ta ce akwai shago kusa da kasuwar Dapaong inda ɗaliban lise, 'yan babbar sakandare, ke haɗuwa da irin na'urar nan ranar Asabar da rana, har da mata biyu. Na ce mata ta bar ki ki je. Ba zan ɓoye miki ba, na fi son ki kasance can a kan ki kasance a titi. Amma kuma ina so ki cinye su. Ba su taɓa ganin mai haɗa masu gudu da irin Buhu yadda za ki iya ba.

Wannan maganar wasa ce, kuma a wasa ta tsaya. In Buhu ya faɗi, a koma a warkar da shi a sake. Abin da kika faɗa a ƙofar shago kuwa ba kan wasa ya sauka ba. Ba ki san inda ya sauka ba. Ni na sani.

Kin san ina da ƙane, Baffanki Idi, wanda hotonsa ke ɗakina. An gaya miki ya rasu a rikicin farko, lokacin da aka fara fita ana neman a bar jam'iyyu da yawa, tun kafin in auri mahaifiyarki. An gaya miki harbinsa aka yi ya cika. Ba haka aka yi ba.

Ina da shekara ashirin da biyu, shi goma sha tara. Ɗaki ɗaya muke kwana a gidan nan da kika tashi a ciki. Kakarki ta tafi garin Camba ta'aziyya, rikici ya rufe hanya ta kasa dawowa. Da hantsi wasu suka shigo da Idi a kafaɗa suka ajiye shi suka gudu. Harsashi ya ratsa cinyarsa ya fita. Yana magana, har yana dariya. Ya ce, "Yaya, kai ni asibiti." Na ce, "Bari hanya ta lafa. An ce duk wanda aka kai da rauni ana rubuta sunansa, a zo a ɗauke shi." Ban san ko gaskiya ne ba, ji na yi a bakin mutane. Na dafa ruwa da gishiri na wanke, na yage zanen kakarki na ɗaure. Na ce gobe.

Gobe ta yi, ana jin harbi daga wajen kasuwa. Ya ce, "Yaya, ƙafar ta yi nauyi." Na ce ya ƙara haƙuri, zuwa yamma za a lafa. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce yana da amalanke, mu bi ta lungu. Na ce a'a, lungun ma akwai masu kaki. Ban je na duba ba, Barira. Ban ko leƙa bakin lungun ba. Tsoro nake ji, na kuma sa wa tsoron suna haƙuri, har na yarda da kaina.

Rana ta uku cinyar ta kumbura ta yi baƙi, ɗakin yana wari, Idi yana kiran sunan kakarki yana magana da ita kamar tana nan. Sai a lokacin na ari amalanken. Na tura shi ta lungun nan da na ce akwai masu kaki. Ba kowa. Awaki kawai. Muka isa asibiti yana numfashi. Ma'aikaciyar da ta kwance zanen ta tambaye ni, "Tun yaushe?" Na ce jiya. Ta dube ni ta ce, "Wannan ba raunin jiya ba ne." Ba wanda ya rubuta sunan kowa. Kafin la'asar ya cika.

Da kakarki ta dawo na ce mata nan take ya rasu, bai sha wahala ba. Har ta bar duniya haka ta sani. Mahaifiyarki kaɗai na gaya wa, sai ke yau. Gwaggonki ma ba ta sani ba, kuma ni zan gaya mata, ba ke ba.

Shi ya sa na take na'urarki. Ba don kin yi mini ƙazafi a fuska ba, sai don kin faɗi abin da ya faru ba tare da kin sani ba. Wannan bai wanke ki ba. Ba a yi wa uba magana haka, ko yana da laifi ko ba shi da shi, kuma wata rana sai kin nemi gafarata a kan wannan. Amma ga abin da ya fi ƙona mini rai: ranar Laraba na sake yi. Kina tsaye jini na bin hannunki yana ɗiga a ƙasa, ni ina tambayar wa ya aike ki. Mahaifiyarki ce ta fito ta ture ni gefe, ta ce, "Fuseni, tayar da babur," ta riƙe ki a baya kuka tafi aka yi miki ɗinki. Ni ina tsaye cikin fasassun gilashi.

To ki ji. In wani ya ji rauni a gabanki, ko ke ce, ko ƙawarki, ko wanda ba ki sani ba, ba a jira. Ba a cewa bari a lafa. In an ce hanya a rufe take, ki je ki gani da idonki, ko ki aiki wanda zai gani. Kafaɗar nan taki, in ta yi zafi, ko ta kumbura, ko kika ji zazzaɓi, a ranar za ki gaya wa Gwaggo ku tafi asibiti. Ranar Litinin za a cire zaren. Kada ki bari wata ta ce za ta cire miki a gida.

Akwai kuskure guda kuma, wanda ya fi daɗewa. Na hana maganar siyasa a gidana. In an fara a rediyo sai in kashe. Kin tambaye ni kina ƙarama me ya sa aka harbi Baffa Idi, na ce ki je ki taya mahaifiyarki wanke-wanke. Na zaci in ba ki ji ba, ba za ki je ba. Sai kika ji a waya, a bakin mutanen da ban sani ba, kika kuma ɗauka ubanki bai damu da komai ba sai dalma da dodanni. Abin da kuke nema, ni ma ina so. Tun ba a haife ki ba nake so. Ba daidai ba ne a bi yara har cikin unguwa da kulki, a balle ƙofofin mutane, a rufe lise, a yanke reso na waya don kada a ga abin da ake yi. Wanda ya ɗaga gindin bindiga ya buga wa yarinya 'yar shekara goma sha takwas a kafaɗa, ban yafe masa ba, na bar shi da Allah. Haka kuma wanda ya aiko muku da saƙo ku fito, ki tambaya ko shi ya fito, ko 'yarsa tana cikinku. Wasu sun fito, na gan su, ina girmama su. Wasu kuwa muryarsu kawai na ji. Lokacinmu ma haka aka yi.

Ba korar ki na yi ba. Fuskarki ta fito a bidiyon da ke yawo, mutum uku sun nuna mini a shago, ga makaranta a rufe, ga jarrabawar bak ta gama sakandare a gabanki. Wannan karon na ƙi in ce bari mu gani.

Na so in ce miki na hana ki sake fita. Na hana, amma na san ina Sokode kina Dapaong, hanina ba zai tare ƙofa ba. Saboda haka ga abin da ba zan sassauta ba. Kada ki sake yi wa wanda kike gidansa ƙarya kan inda za ki. Da an kama ki ranar Laraba, gidan ƙawarki za mu je nema. Kuma Dapaong ba Didaure ba ce. A nan kin san kowane lungu, kowace ƙofa kika buga za a ce 'yar Malam Tanimu ce a buɗe. A can ba ki jin yaren Moba, ba ki san wace hanya ke ɓullewa wace ke toshewa ba, ba wanda ya san 'yar wa ce ke. Mijin Gwaggonki kusan kullum yana kasuwannin shanu, yau garin Naki gobe wani gari, ita kaɗai ce a gidan da ciwon ƙafarta. In kika ɓace, ita za ta fita nemanki. Ki tuna da wannan kafin ki ɗauki gyale.

Ki riƙe sallarki. Ki taimaki Gwaggo ba sai ta ce ba. Ki yi karatun da ya kai ki. Na'urar tana zafi in an daɗe ana caji, ki cire da zarar ta cika, kuma maɓallin dama sai an ɗan danna da ƙarfi.

Allah ya kai ki lafiya, ya warkar da kafaɗarki, ya tsare ki daga hannun azzalumi da bakin mai zuga. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa. Allah ya jiƙan Idi, ya yafe mini. Allah ya kwantar da wannan ƙasa, ya dawo mini da ke gida da ƙafafunki.

In kun isa Kara ki kira mahaifiyarki, in kun isa Mango ki sake kira, in akwai reso. Wayarta tana shago wurina, bakin cajinta ya lalace. In kika kira kika ji muryata, kada ki kashe. Ki ce kun isa, ya wadatar.

Mahaifinki,
Tanimu